Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: A Yanke Ƙa'idar Kamun Kifi Tun Ruwa Na da Kifi

Kwanakin baya na tsaya a bakin ruwa a Yauri da sassafe, lokacin da jiragen masunta ke dawowa. Wani dattijo yana juye kamunsa a daro. Karfasa ce, amma yawancinta ba ta kai tafin hannun yaro ba. Na gaishe shi, muka ɗan taɓa hira, sai na ce, "Baba, waɗannan ai ba su isa kamu ba." Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, in na bar su, na bayana ba zai bari ba. Kuma gida ana jira."

Ban ga laifinsa ba. Ya san ruwan nan fiye da ni nesa ba kusa ba, ya kuma san ƙaramar karfasar da ya kama yau ita ce uwar da za ta yi ƙwai baɗi. Abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa haƙurinsa zai amfane shi. Wannan tabbaci kuwa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa. Sai an yi ƙa'ida da ta hau kan kowa, kuma ra'ayina shi ne lokacin da aka yi ƙa'idar ya fi komai muhimmanci: a yi ta tun kifi na nan, tun kafin a san wanda za ta fara ciza.

A ƙasashen da suka ɗauki kamun kifi da muhimmanci akwai abin da zan kira ƙa'idar kamu. Masunta da hukuma da masana su zauna su amince a rubuce: idan kifin da ke ruwa ya kai kaza, kaso kaza za a kama, idan ya ragu ya sauko ƙasa da wani mizani, kamu zai ragu da kaza, idan ya faɗi ƙasa da mizani na biyu, za a tsaya cak. Kowace shekara abin da ya rage shi ne a auna kifin, a ɗora lissafi a kan ƙa'ida, adadi ya fito da kansa. Babu sabon ciniki, babu zuwa gidan minista da daddare.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan baƙo ba, domin haka zakkar amfanin gona take. Akwai nisabi, akwai kaso: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Manomi ya san wannan tun kafin ya saka iri a ƙasa. Ba a jira sai dame ya taru a masussuka sannan a fara muhawarar nawa za a fitar, don ran nan kowa idonsa na kan hatsi, kowa yana da hujjar da za ta sa ya rage. Ƙa'idar kamu ita ma ƙarfinta ke nan. Tana ɗauke shawara daga ranar da zuciya ke rawa ta mayar da ita ranar da hankali ke kwance.

Wanda ke son ganin abin da rashinta ke jawowa, ya dubi gabashin Kanada. Ɗaruruwan shekaru mutanen tsibirin Niyufanland suna rayuwa da kifin kod. A 1968 kaɗai an kwashe kimanin tan 810,000 daga wannan ruwa, mafi yawa manyan jiragen ƙasashen waje ne suka kwasa. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 cikin teku, ta kori baƙi, sai ta maye gurbinsu da nata manyan jiragen. Tun a shekarun 1980 ƙananan masunta na bakin gaɓa suke kukan cewa kifi yana ƙanƙancewa, yana kuma ƙaranci. Ba a saurare su ba, saboda manyan jirage na ci gaba da dawowa cike. Dalilin cikarsu daga baya aka gane shi: kifin da ya rage yana taruwa wuri guda, na'urorin jirgi kuma suna gano inda ya taru, don haka kamu bai nuna raguwa ba har sai da aka kusa kwashe garken ƙarshe.

A 1989 masanan gwamnati suka gane sun yi kuskuren lissafi, suka ba da shawarar a rage kamu zuwa tan 125,000. Gwamnati ta sa 235,000. Ban ɗauki waɗanda suka yanke wannan hukunci a matsayin miyagu ba. A gabansu akwai masana'antun sarrafa kifi da za a rufe, akwai garuruwan da ba su da wata sana'a, akwai zaɓe. Shawarar masana kuwa takarda ce mai ɗauke da "wataƙila". Duk shekarar da aka ɗora "wataƙila" a sikeli ɗaya da albashin mutane na wannan wata, an san wanda zai rinjaya. Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi, John Crosbie, ya sanar da dakatar da kamun kod ɗin gaba ɗaya. Mutum kusan 30,000 suka rasa aiki. An ce na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka janye dakatarwar, bayan shekara 32, da iyakar tan 18,000. A kwatanta wannan da 810,000.

Kifi iri ɗaya, a can ɗaya gefen tekun, labarinsa ya sha bamban. Norwe da Rasha suna raba kod na tekun Barents, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 suke da kwamitin haɗin gwiwa da ke zama duk shekara, har a tsakiyar yaƙin cacar baka. Su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A ƙarshen shekarun 1980 kifin ya ragu ƙwarai, har iyakar kamu ta 1990 ta sauko tan 160,000. Ya farfaɗo, suka sake wuce gona da iri a ƙarshen shekarun 1990, suna sa adadin da ya haura shawarar masana. A 2002 suka amince su ɗaure hannun kansu da ƙa'ida, aka fara aiki da ita a 2004.

Ga yadda take a farkonta. Muddin iyayen kifi, wato waɗanda suka isa yin ƙwai, sun haura tan 460,000, za a kama kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan kifin a shekara. Ana lissafa abin da wannan zai bayar a shekaru uku masu zuwa a ɗauki matsakaici, kuma iyakar bana ba za ta bambanta da ta bara da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, don mai jirgi da mai masana'anta su iya tsara rayuwarsu. Idan iyayen suka sauko ƙasa da tan 460,000, kason da ake kamawa zai riƙa raguwa daidai da raguwarsu, kuma wancan sassauci na kashi 10 ya faɗi. Ƙasashen biyu sun riga sun daidaita rabo tun da daɗewa: bayan an cire na wasu ƙasashe, raba daidai ake yi.

Rubutun kaɗai bai ceci kifin ba, kuma wannan wuri ne da nake so mu tsaya. A farkon shekarun 2000 ana satar kifi mai yawan gaske a wannan teku, ana sauke shi daga jirgi zuwa jirgi a kai tashoshin Turai ba tare da rajista ba. Sai da aka tsananta bincike a tashoshin jiragen ruwa daga 2007 satar ta ragu matuƙa. Norwe kuma tun 1987 ta hana zubar da ƙananan kod a teku bayan an kama, don kada a kashe kifi a ɓoye shi daga lissafi. Da waɗannan suka haɗu da ƙa'idar, da kuma 'yan shekarun da ruwa ya yi wa ƙananan kifi daɗi, iyakar kamu ta kai tan miliyan ɗaya a 2013.

Daga baya kifin ya sake raguwa, saboda shekaru sun jeru ba a samu haihuwa mai kyau ba. Iyakar 2025 tan 340,000 ce, ita ma ta ɗan haura abin da masana suka nema, kuma akwai masu cewa sassaucin da ke cikin ƙa'idar ya jinkirta ragin da ya kamata a yi da wuri. Na yarda da wannan suka. Amma a lura da bambancin: ana saukowa mataki-mataki, kowa ya san abin da ke tafe, jirage na fita, masana'antu na aiki. Ko bayan yaƙin Yukiren ya ɓata tsakanin Rasha da Turai a 2022, ƙasashen biyu sun ci gaba da zama kan kifin nan, domin akwai abin da suka riga suka sa wa hannu. Wannan ruwa kuwa ba nesa yake da tukunyarmu ba. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda Ibo ke kira okporoko, mai yawa daga cikinsa daga Norwe yake zuwa.

Aisland ma ta bi wannan hanya tun 1995, da ƙa'ida mai sauƙin faɗa: kashi 25 cikin 100 na kod mai shekara huɗu zuwa sama. Da suka ga ya yi yawa, a 2007 suka mayar da shi kashi 20, iyakar shekarar ta faɗo tan 130,000. Masunta sun yi kuka, kifin ya farfaɗo a shekarun da suka biyo.

Akwai kuma inda masana suke, lissafi yake, amma abin ya ƙi. Kifin nan na ƙanƙara da matanmu ke kira titus, daga arewa maso gabashin tekun Atlantika ake kawo mafi yawansa. Wajen 2010 garkensa ya karkata arewa zuwa ruwan Aisland, sai rigima ta tashi kan rabo tsakanin Tarayyar Turai da Norwe da tsibiran Faro da Aisland, daga baya Birtaniya ta shigo da nata kason. Tun daga nan ba a samu yarjejeniyar rabo da ta haɗa kowa ba. Kowace ƙasa tana cewa ta amince da jimillar da masana suka faɗa, sai ta yanka wa kanta kason da take ganin haƙƙinta ne, idan aka tara sai ya zarce jimillar nesa. Shekara da shekaru haka. A 2025 majalisar masana teku ta ICES ta ba da shawarar a zabge kamun 2026 da kusan kashi 70 cikin 100. Rigimar attajiran ƙasashe ce, amma mai sayen titus a Kasuwar Sabon Gari tana cikin masu biyan kuɗinta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ƙa'idar da ta faɗi nawa za a kama ba ta faɗi wa zai kama nawa ba, rabin ƙa'ida ce.

To mu fa?

Ba daga sifili za mu fara ba. Kabawa sun daɗe da sanin cewa ruwa na buƙatar hutu. A Argungu akwai Sarkin Ruwa, akwai gyaran ruwa, akwai fashin ruwa da ke buɗe lokacin kamun kifi. Wurin da ake gasar a Matan Fada ana tsare shi, ba kowa ke faɗa masa yadda ya ga dama ba, shi ya sa ranar biki mutum ke shiga da homa da gora ya fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗauka. Bikin da ake lissafa farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya a 2016, a ƙarƙashinsa akwai dokar hana kamu. Haka a ƙauyuka da yawa na bakin fadama: akwai tafkin da ba a taɓawa sai ranar da mai ruwa ya ce a shiga, gari ya fito gaba ɗaya.

Wannan gado yana da abin da takardar gwamnati ba ta da shi, wato jin kunya da biyayya. Abin da ya rasa shi ne ma'auni. An gina shi a zamanin homa da birgi da mamari, lokacin da masunta ba su da yawa kuma kowa ya san kowa. Yau akwai ragar roba mai ƙananan idanu da ake saya da arha, akwai injin jirgi, akwai masu zuba guba irin su Gamalin, akwai dubban mutanen da fari ko rashin tsaro ya koro daga gona zuwa ruwa. Rufe ruwa wata kaza kowace shekara, ko kifi ya yi yawa ko ya yi kaɗan, bai isa ba idan ranar buɗewa jirage sun ninka na da.

Dokar gwamnati kuma nata ciwon daban. Dokar Najeriya ta 1992 kan kamun kifi a koguna da tafkuna ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta tanadi lasisi, ta kuma ba hukuma ikon rufe wani wuri ko wani lokaci. Iko ta bayar, ba ta ce ga alamar da idan ta bayyana tilas a rufe ba. Duk abin da aka bar wa ganin damar jami'i, an bar wa matsin lamba. Gana ta nuna mana wannan a fili. Ƙananan kifayen teku da talakan ƙasar ke dogaro da su sun ragu ƙwarai, gwamnati ta shirya rufe teku ga masu kwale-kwale a 2018, aka yi ca a kanta, ta ɗage. An yi a 2019, an ci gaba a wasu shekarun, sai a 2025 sabuwar gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga rufewar. Ana iya muhawara kan wace gwamnati ce ta yi daidai. Abin da ya dame ni shi ne amsar tana canzawa da canjin masu mulki, alhali kifin bai san an yi zaɓe ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne. Za a ce Norwe tana da jiragen bincike da kwamfutoci da masana da suka shekara hamsin suna ƙirga kifi ɗaya, mu kuwa a tafki guda akwai karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da falia da tsage da balli da warangi, ana sauke su a ɗaruruwan mashigai ba mai rubutawa. Gaskiya ne ba za mu iya cewa tan kaza ke cikin ruwa ba. Amma ƙa'idar kamu ba dole sai da wannan adadi ba. Ana iya ɗaure ta da abin da ido ke gani kuma hannu ke aunawa: nawa jirgi ɗaya ke kamawa a fita ɗaya, da tsawon kifin da ake saukewa, da kason da bai isa yin ƙwai ba a cikin daro.

An ma taɓa yin wannan ƙirga a ƙasar nan. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ya ga aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a shekarun 1990. An ƙirga jirage da kayan kamun kifi ƙauye-ƙauye, an sa masu rubuta kamu a mashigai, an shigo da sarakuna da sarakunan ruwa cikin ba da lasisi, aka kai ga hana dala, wato tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja don warangi yana haɗawa da 'ya'yan manyan kifi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan New Bussa, a bakin tafkin. Ilimin yana nan, mutanen da suka yi aikin wasunsu na raye. Abin da ban gani ba shi ne a ɗaure ƙirgar da mataki, ta yadda lamba za ta tilasta aiki ko babu mai tallafi daga waje.

Da ni za a tambaya, ga siffar abin da zan so Neja da Kebbi su rubuta tare, tunda tafkin nasu ne su biyu kuma kifi bai san iyakar jiha ba. A zaɓi kifi uku ko huɗu da rayuwar masunta ta fi rataya a kansu. A zaɓi mashigai da za a riƙa aunawa a ranaku sanannu, mai aunawa ɗan garin ne, da katako mai zane da sikeli da waya. A amince da matsayi uku. Idan awo yana daidai da na shekarun da aka ɗauka mizani, a ci gaba yadda ake. Idan ya sauko zuwa wani mataki, a tsawaita hutun wuraren ƙwai kuma a daina ba da sabon lasisi. Idan ya faɗi ƙasa da mataki na biyu, a janye kayan kamu mafi kwasa har sai ya dawo. Lambobin ba nawa ba ne in faɗa, na masunta ne da masanan New Bussa. Abu biyu kawai zan dage a kansu. Kada a dogara da yawan kamu kaɗai, don kada abin da ya ruɗi Kanada ya ruɗe mu; a haɗa da girman kifi da ragar gwaji da masana ke sakawa wuri ɗaya kowace shekara. Sannan ƙa'idar ta yi aiki sama da ƙasa: ranar da kifi ya dawo, ƙofa ta buɗe da kanta ba sai an je roƙo ba. Masuncin da ya ga ana rufewa ba a buɗewa, ba zai sake yarda da awo ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. A ruwayenmu na fadama, ambaliya ce ke yin kifi. Shekarar da ruwa ya malala cikin ciyawa ya daɗe, kifi ya samu wurin ƙwai da abinci, kamu ya yi albarka. Shekarar da bai malala ba, ko an rage masunta kifi ba zai yi yawa ba. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa ɗan kaso kaɗan na haka a farin shekarun 1970 da 1980, kuma ba masuntan Baga ne suka shanye shi ba. A fadamar Haɗejiya da Nguru, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa, kacalla ta toshe hanyoyi, wasu wuraren suka bushe wasu suka zama ruwan dindindin. Mai wannan suka zai ce, don me za a takura wa talaka kan abin da ba shi ya jawo ba?

Na karɓi rabin maganar, kuma ita ce ma take ƙara mini ƙarfi. Idan ruwa ne ke yin kifi, sai a ɗaure ƙa'idar da ruwa. Tsayin ambaliya abu ne da ake aunawa da sanda mai lamba, kowa na gani, ba a iya murɗe shi a ofis. A Kainji masunta sun san farin ruwa da ke zuwa da damina da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga can tsaunukan Gini. Shekarar ruwa mai yawa a saki hannu, mutane su kama su more. Shekarar da ruwa ya gaza, kifin da ya rage yana matsuwa cikin 'yan guraben da ba su ƙafe ba, kamunsa ya yi sauƙi a daidai lokacin da ya fi buƙatar kariya. A nan ne ƙa'ida za ta ce gurbi kaza da kaza ba a taɓa su, su ne iri. Manomi ko yunwa ta kai ina yana ƙoƙarin kada ya ci iri. Kuma adalci ya ce ƙa'idar ta hau kan mai riƙe da ƙofar madatsa kamar yadda ta hau kan mai jirgi: a rubuta ruwa nawa za a saki, a wane wata, don fadama ta sha. Ba daidai ba ne a auna idon ragar masunci da inci, a bar wanda ke iya busar da fadama gaba ɗaya ba tare da mizani ba.

Saura maganar dattijon nan, gida ana jira. Duk ƙa'idar da ba ta amsa wannan ba, za a karya ta da daddare, kuma ba zan iya zargin mai karyawa ba. Wasu ƙasashen da ba su fi mu arziki sosai ba sun gane haka. Bangaladash tana ba iyalan masunta kilo 40 na shinkafa a wata a lokacin da aka hana kama 'ya'yan kifin hilsa. Barazil tana biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashi a watannin da aka rufe ruwa don kifi ya yi ƙwai. Duka biyun suna fama da sunayen bogi da jinkirin biya, mu ma za mu yi fama da su. Duk da haka ina ganin tallafin ya zama sashe na ƙa'idar kanta, a shafi ɗaya: ranar da awo ya ce a rufe, ranar ce hatsi zai fara fita. Kuɗin lasisi da harajin da ake karɓa a kasuwannin kifi a shekarun albarka, a ware wani kaso a asusun da wakilan masunta ke da hannu a kansa, kada ya narke cikin baitulmalin jiha.

A kuma rubuta wa ragi zai fara shafa. Mai jirage goma da injuna da yaran da ke yi masa aiki ba ɗaya yake da mai kwale-kwale ɗaya da birgi ba, kuma idan ba a faɗa tun farko ba, mai ƙarfi zai san hanyar ofis, ragin ya sauka kan maras ƙarfi. Matan da ke banda da soya kifi su ma a zauna da su, domin su ne ke sayen ƙananan kifin, su ne kuma kasuwarsu ke mutuwa idan an rufe. Baƙin masunta da ke bin ruwa daga Nijar da Mali da sauran wurare a sa su cikin lissafi da rajista a hannun Sarkin Ruwa, don dattijon Yauri ya san "na bayansa" ma ƙa'idar ta hau kansa. Awon kowane wata kuma a karanta shi a rediyo da Hausa, a liƙa shi a mashigi, jirgi nawa aka auna, kifi ya kai tsawon me, saura nawa a kai matakin da za a rufe.